Mai kima bai zo ba, ranar sa hannu ta matso: masu lamunin VA ku taimaka da shawara

BabanYara_NC

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka taɓa sayen gida da lamunin VA, wato bashin gida da hukumar kula da tsofaffin sojojin Amurka ke tsaya wa, ko masu aiki a harkar gidaje a nan Amurka, shawara nake nema cikin gaggawa, abin ya fara hana ni barci wallahi.

Na ajiye kaki bara, muna haya a Fayetteville ta jihar North Carolina ni da maiɗakina da yara uku. Takardar COE ɗina, wato shaidar cewa na cancanci lamunin, ta fito tuntuni, kamfanin lamuni sun duba albashi sun duba kiredit sunce ba matsala. Muka samu gida a bayan gari, wani ɗan ƙauye ne kamar tafiyar minti arba'in a mota, ginin shekarun 1970 ne amma an kula da shi, da fili a baya inda yara za su sake, ruwansa na rijiya ne ba na famfon gwamnati ba. Aka daidaita da mai gidan a dala dubu 260, na biya shi kuɗin lokacin bincike irin wanda ake biya a jihar nan, na kuma ajiye kafin alƙalami a wajen lauya. Insifeton da na ɗauka ya zo ya duba, yace rufi lafiya wuta lafiya, sai ƴan ƙananan abubuwa.

To yanzu mun doshi wata guda da sa hannu a yarjejeniya amma mai kimar gida ko ƙeyarsa ba a gani ba. Duk sanda na kira jami'in lamuni sai yace ana kai, a ƙara haƙuri, wai ba su ke zaɓar mutumin ba. Dillalin mai gida ya fara ƙorafi, jiya ya faɗa wa dillalina wai akwai wani da ke jira da kuɗi hannu, kuma wai dama shi ya gargaɗi mai gidan kan karɓar tayin VA. Kuɗin ruwan da aka kulle min don kar ya tashi kafin a gama ciniki na kwana 45 ne, ya kusa ƙarewa. Gidan haya kuma na riga na ba su notis, kaya rabi suna cikin kwali, yara kullum sai sun tambaye ni yaushe za mu koma sabon gida.

Wani abokina yace in haƙura da VA ɗin in koma lamuni na gama-gari, yace can kima sati ɗaya an gama. Ni kuma wannan haƙƙin da gumina na same shi, raina baya so in bar shi. Shin haka abin yake ga kowa? Wa zan kira? Kuma in ranar sa hannu na ƙarshe, wadda za a miƙa min gidan, ta wuce ba a yi kimar ba, kuɗina sun tafi kenan?

TsohonSaje

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kwantar da hankalinka tukuna, gida biyu na saya da VA, na farko a Killeen na biyu bayan nayi ritaya, na san wannan zaman jiran.

Abin da jami'in lamunin ya faɗa maka rabin gaskiya ne. Eh, ba su ke zaɓar mai kima ba. Su dai suna shigar da buƙata a cikin na'urar VA, ita kuma ta tura wa ɗaya daga cikin masu kimar da VA ta amince da su a wannan yankin, bi da bi, kuma da gangan aka yi haka don kar banki ko dillali su ɗauko nasu mutum ya rubuta musu farashin da suke so kai kuma a bar ka da bashin da ya fi ƙarfin gidan. Amma ɗaya rabin da bai faɗa maka ba shine, agogo baya fara tafiya sai sun shigar da buƙatar. In sun riƙe fayil ɗinka sati biyu a kan tebur suna jiran rahoton insifeto ko suna jiran ka biya kuɗin kimar, wannan sati biyun ba na mai kima bane, nasu ne.

Don haka gobe da safe kar ka kira a waya, imel za ka rubuta, ka sa dillalinka a ciki, in ka san manajan jami'in shi ma ka sa shi. Ka ce su ba ka lambar fayil ɗinka ta VA, su faɗa maka ranar da suka shigar da buƙatar kima, da ranar da aka ba wani mai kima aikin, in an ba shi. Kalmar ana kai ba amsa bace. Duk waɗannan ranakun suna gabansu a kwamfuta, minti biyu ne su duba.

In ka samu ranakun to lissafi ya zama mai sauƙi. VA tana da jadawali a shafinta, jiha jiha har gunduma gunduma, an rubuta kuɗin kima nawa ne da kwana nawa aka ba mai kima ya gama, wurare da yawa kwana goma ne na aiki, wasu ƙasa da haka, wasu lungunan kuma an ƙara musu don masu aikin ba su da yawa. Ka lura kwanakin aiki nace, ba a ƙirga Asabar da Lahadi da ranakun hutu, shi yasa kwana goma a takarda sati biyu ne cur a ƙasa. Kuma ƙa'ida ce cikin kwana biyu na aiki da ba shi fayil ya tuntuɓa don a sa ranar zuwa. In an ba shi tun tuni kuma ko kiran dillalin mai gida bai yi ba, to ya saɓa, kamfanin lamuninka na da damar kai ƙara sashen kima na VA, kai ma kana iya kiran layin lamunin gidaje na VA da lambar fayil ɗinka a hannu. Sukan bi sawu, wani lokacin su karɓe aikin su ba wani.

Sannan ka sani zuwan mai kima ba shine ƙarshe ba, kar ka sa rai ranar da ya zo washegari a sa hannu. Zai koma ya rubuta rahoto ya ɗora, sai wani ma'aikaci mai bitar kima ya duba ya fitar da takardar da ake kira NOV, ita ce ke faɗin darajar gidan da gyare-gyaren da dole a yi, shi ma yana da kwana biyar na aiki. In an rubuta gyara sai an yi an dawo an gani. Ka haɗa duk wannan a lissafinka tun yau.

Maganar komawa lamunin gama-gari kuwa, ni ban yarda ba. Wanda ya ba ka shawarar ba shi zai biya ba.

Malam_Bronx

Allah ya kawo mafita ɗan'uwa. Ni ba soja bane kuma ban san kan wannan harkar ba, tunatarwa kawai zan yi tsakani da Allah, shi wannan lamunin da ruwa a cikinsa, VA tsaya maka kawai take yi a wajen banki amma bankin ruwansa zai karɓa. Akwai kamfanonin da ke sayar da gida ta hanyar musharaka ko murabaha a ƙasar nan, ko ka taɓa zama da su? Wata ƙila wannan jinkirin dama ce ka sake tunani. Ba don in ɓata maka rai ba.

Dillaliya_Greensboro

Salam Baban yara, sannu da ƙoƙari, ka gaida maman yara, ita ma na san tana cikin zullumi, zama cikin kwalaye da ƙananan yara ba daɗi.

Ni dillancin gidaje nake yi a jihar nan, Yaya Saje ya gama maka bayanin ɓangaren lamuni, bari ni in taɓo yarjejeniya don can ne kuɗinka suke, kuma can ne mutanenmu suka fi shan wuya.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce mai muhimmanci. Mutane da yawa sun ɗauka wannan sharaɗin da VA ta wajabta a sa cikin yarjejeniya, wanda ke ba tsohon soja damar janyewa ba tare da ya rasa kafin alƙalaminsa ba, wai yana kare su daga komai. A'a. Yana aiki ne in kima ta fito ƙasa da farashin da aka daidaita. Bai ce komai ba game da kimar da ba ta fito ba sam. Kuma ka san tsarin jihar nan, kuɗin lokacin bincike na mai gida ne tun ranar da ka ba shi, in ka sayi gidan a cire maka cikin farashi, in ka janye don kanka ya riƙe abinsa. Kafin alƙalami kuwa kana iya karɓa in ka janye kafin wa'adin binciken ya cika, bayan nan shi ma yana cikin haɗari. To ka ɗauko yarjejeniyarka yau ɗin nan, ba gobe ba, ka duba ranar da wa'adin binciken zai ƙare. Wannan ranar ta fi ranar sa hannu hatsari a wajenka yanzu.

Abin yi shine dillalinka ya rubuta takardar ƙarin lokaci, a ƙara wa'adin bincike a kuma matsar da ranar sa hannu, mai gida ya sa hannu kai ka sa. A rubuce fa. Mu mun saba da magana ta fatar baki, mutum yace ba komai Allah ya kaimu, ka ɗauka an gama, to a nan in ba a takarda yake ba babu shi. Na ga dattijon da mai gida ya yi masa alkawari a waya yace ɗauki lokacinka, ranar da wa'adi ya cika aka aiko masa takarda, wallahi a ofis ɗina ya zauna ya kasa magana.

Kuma kar a je wa mai gida hannu biyu. A kai masa ranakun da Yaya Saje yace ka nemo, a ce ga ranar da aka shigar, ga ranar da mai kima zai zo, ga takardar banki cewa komai ya kammala saura kima kawai. Mai sayarwa ba jiran ne ke tayar masa da hankali ba, rashin sanin ƙarshen jiran ne, shi ma wata ƙila da kuɗin nan zai biya gidan da zai koma. Batun wani mai kuɗi hannu da ke jira, zai iya zama gaskiya zai iya zama matsin lamba, amma ko da gaskiya ne mai gida bai isa ya sayar wa wani ba muddin yarjejeniyarku na raye, kuma masu kuɗi hannu yawanci ragi suke nema ba ƙari ba. In ya ƙi ƙarin lokaci kyauta, wani lokacin ƙara ɗan abu a kan kuɗin binciken yana sa ya yarda, amma kar ka fara da tayin kuɗi.

Yanzu abin da ya fi damuna a labarinka guda biyu ne, ginin shekarun 1970 da kuma rijiya. Mai kimar VA ba farashi kaɗai yake dubawa ba, yana duba ko gidan ya cika ƙa'idojin lafiya da tsafta da ƙarko. Duk gidan da aka gina kafin 1978 ana ɗaukarsa kamar fentinsa na da gubar dalma, don a shekarar ce aka hana irin wannan fentin a gidaje, to in ya ga fenti na ɓarewa ko a bakin taga ne ko a ƙarfen baranda ko ƙasan rufi ta waje, zai rubuta sai an kankare an sake shafawa. Wanda ya tuna abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba zai ce wannan ƙa'idar tsanani bace, balle kai mai yara uku. Ka je kai da dillalinka ku zaga gidan da ido, ku sa hannu ku shafa katakon taga, in ɓawon fenti ya biyo yatsa to a gyara tun kafin ya zo. Aikin yini ɗaya ne, amma in aka bari ya rubuta shi sai an jira NOV, a gyara, a sake kiransa ya dawo, a biya kuɗin dawowa, ga sati ya tafi ko fiye.

Ruwan rijiya dole a gwada shi a ɗakin gwaji, kuma ba kai za ka ɗebo ba, ba mai gida ba, sai wanda ba shi da hannu a cinikin. Sakamakon kwana 90 yake aiki, don haka ba dalilin jira, a yi yanzu. Binciken gara ma haka, a jihar nan dole ne, kuma tun 2022 an yarda tsohon soja ya biya da kansa, da can masu gida ke ƙorafin an ɗora musu.

Na ƙarshe, ka ce wa dillalinka ya haɗa gidaje uku ko huɗu masu kama da wannan da aka sayar kwanan nan a kusa, ya ajiye. In mai kima ya ga kamar darajar ba za ta kai dubu 260 ba akwai tsarin da ake kira Tidewater, zai sanar kafin ya rufe rahoto, a ba ku kwana biyu na aiki ku kawo hujja. Kwana biyu ba yawa, a ƙauye kuma gidajen da aka sayar ba su da yawa, in ba a shirya ba lokacin zai wuce ana nema. Kuma a tabbatar lambar wanda aka rubuta a fayil don karɓar wannan sanarwar ta mutum ce mai ɗaga waya.

Ɗan_Maraɗi

Hajiya Allah ya saka da alheri, kin faɗi abin da ko a ofis ba kowa zai zauna ya faɗa maka ba.

Ni na yi aiki a sashen tantance lamuni shekaru, ina so in ɗan yi adalci ga masu kimar, don na ga kowa su yake zagi. A 2020 da 2021 lokacin da kuɗin ruwa ya sauka ƙasa da kashi 3, kowa ya taso, mai saye da mai sabunta bashi, a shekarar kuɗi ta 2021 kaɗai VA ta tsaya wa lamuni sama da miliyan 1.4, ba a taɓa yin haka ba tun da aka kafa shirin a 1944. Masu kima kuwa ba su ƙaru ba, yawancinsu ma manya ne sun kusa ajiye aiki, kuma sana'a ce da ba ka shiga sai ka yi dogon zaman koyo a ƙarƙashin wani. A wancan lokacin ne sunan VA ya ɓaci a wajen dillalai, ana ganin tayi goma a kan gida ɗaya sai a ture na tsohon soja gefe. Daga baya ruwa ya haura kashi 7, kasuwa ta lafa, a cikin birane jiran ya ragu sosai, amma tsoron ya zauna a kan dillalai har yau, irin maganar da aka faɗa wa dillalinka kenan.

Inda matsalar ta rage shine ƙauyuka irin inda ka samu gida. Gunduma guda za ka tarar mutum ɗaya ko biyu ne ke cikin jerin VA, kuɗin aikin kuma a ƙayyade yake, ba zai ce a ƙara masa don ana sauri ba kamar yadda ake yi a lamunin gama-gari, ga tuƙi mai nisa, ga neman gidajen da za a kwatanta da wahala. In ɗayan ya yi rashin lafiya ko ya tafi hutu shikenan layi ya taru.

An yi ƙoƙarin gyara. Dokar 2019 ta ba mai kima damar tura mataimaki ya duba gidan ya ɗauko hotuna da awo shi kuma ya rubuta rahoto. A Yulin 2022 VA ta fitar da sanarwa cewa a wasu halaye ana iya yin kima daga waje kawai ko daga ofis ba tare da shiga gidan ba, kuma ɗaya daga cikin halayen shine in an shigar da buƙata kwana bakwai na aiki suka wuce ba a ba kowa ba. Akwai sharuɗɗa, gida na iyali ɗaya, farashin bai wuce iyakar da aka sa ba, kamfanin lamunin kuma yana da izinin bitar kima da kansa. Sai a Disambar 2022 Shugaba Biden ya sa hannu a dokar da ɗan majalisa Mike Bost ya kawo, wadda ta umarci VA ta sabunta ƙa'idojin kimar gaba ɗaya. To Baban yara, in amsar imel ɗinka ta nuna har yanzu ba a ba kowa fayil ɗin ba, ka tambaye su kai tsaye ko ka cancanci wannan hanyar. Jami'an lamuni da yawa ba su san da ita ba, musamman waɗanda VA ɗaya biyu suke yi a shekara.

Kulle kuɗin ruwa kuma ana tsawaita shi, amma da kuɗi, galibi kullum ko sati sati ake lissafawa. Ga inda ranakun nan za su yi maka amfani na biyu. In ta tabbata su suka yi jinkirin shigar da buƙata, ka ce su ɗauki nauyin tsawaitawar, cikin ladabi amma a rubuce, na ga an yafe wa mutane da yawa don kawai sun tambaya da hujja a hannu. Wanda bai tambaya ba a saka masa cikin kuɗin ranar sa hannu ko lura ba zai yi ba.

Shawarar abokinka kuwa mu yi mata lissafi. Gidan dubu 260, in za ka zuba kashi 5 a lamunin gama-gari dala dubu 13 kenan daga aljihunka yanzu yanzu, sannan duk wata ka biya inshorar lamuni tunda ba ka kai kashi 20 ba. A VA ba zubi ba wannan inshorar, sai kuɗin shiga na kashi 2.15 ga mai amfani karon farko, wajen dala 5,590, ana iya haɗa shi cikin bashin, in kuma kana karɓar diyyar rauni ko ciwon da ka samu a bakin aiki to an yafe maka shi gaba ɗaya. Ban da haka sauya lamuni a tsakiyar ciniki sabon fayil ne, sabuwar tantancewa, sabuwar kima, sai an gyara yarjejeniya, ba lallai ma ka riga wanda ya tsaya ba. Sauya kamfani kana cikin VA shi ma baya kawo sabon mai kima, fayil ɗin ne zai bi ka.

BabanYara_NC

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam na gode da tunatarwa, ban ji haushi ba ko kaɗan, na zauna da malamai kan maganar tun kafin in fara kuma na tuntuɓi ɗaya daga irin kamfanonin, zubin farkon da suka nema ne ba ni da shi. A ci gaba da sa mu a addu'a.

Yallaɓai Saje na yi yadda kace, na tura imel da safe na sa manaja a ciki, kafin azahar amsa ta zo. Ashe sai da aka yi kusan sati biyu da yarjejeniya sannan suka shigar da buƙatar, wai suna jiran su ga ko zan ci gaba bayan rahoton insifeto, kuma ba wanda ya tambaye ni. An ba wani mai kima tun satin jiya, ya kira dillalin mai gida bai ɗaga ba ya bar saƙo, shi kuma bai mayar da kira ba, shine kuma yake mana ƙorafin jinkiri. Yanzu dai an sa ranar Talata. Manajan yace za su ɗauki nauyin tsawaita kulle ruwan na kwana goma sha biyar.

Hajiya wa'adin binciken saura kaɗan ya cika, da ba ki faɗa ba hankalina na kan ranar sa hannu. Dillalina ya kai takardar ƙarin lokaci tare da ranakun, mai gidan dattijo ne shi ma ɗansa na soja, ya sa hannu bai nemi ko sisi ba. Mun je da yamma mun zaga, tagogin baya guda biyu fentin na tashi kamar yadda kika ce, ƙarfen matakalar baranda kuma yana girgiza. Mai gida yace in kawo mai gyara shi zai biya fenti ni in biya aiki. Shin ya halatta in yi gyara a gidan da bai zama nawa ba tukuna? Sannan gidan haya sun ce in zan ƙara wata sai dai a kuɗin wata-wata, ya fi tsada da ɗari uku.

Dillaliya_Greensboro

Alhamdulillahi, na ji daɗi wallahi. Gyaran ana yi, amma shi ma a rubuta, ko layi uku ne, cewa mai gida ya yarda a yi aiki kaza kuma ga wanda zai biya, ka kuma sani in cinikin ya lalace kuɗin aikin ba za su dawo ba, don haka iya tagogin da ƙarfen kawai, kar a zarce. Ka samo mai fenti da ke da takardar shaidar aiki a tsofaffin gidaje masu dalma, ya shimfiɗa leda ya kwashe ɓawon tas, don in mai kima ya ga ɓarɓashin fenti a ƙasa ƙarƙashin taga zai rubuta shi ko da katakon ya yi kyau. Kar ka kai yara wajen ranar da ake kankarewa. A gama kafin Litinin da yamma, a ɗauki hoto a ajiye rasit.

Gwajin ruwa ka kira su gobe, sakamako yakan ɗauki kwanaki, in an samu ƙwayoyin cuta sai an zuba magani a rijiyar an sake gwadawa. Ranar Talata kuma dillalinka ya tabbatar wuta da ruwa da na'urar ɗumama gida duk a kunne suke, ƙofar silin da ta ƙarƙashin gida a buɗe, in da kare a ɗaure shi.

TsohonSaje

Ka biya ɗari ukun nan ƙanena, ka karɓi watan. Talata zai zo, ka ba shi sauran kwanakinsa na rubuta rahoto, ka ƙara biyar na NOV, ka ƙara kwana uku na aiki da doka ta ce sai takardar ƙarshe ta lissafin kuɗi ta kwana a hannunka kafin ka sa hannu, ka ga an ci rabin wata ko da komai ya tafi daidai. Otal da yara uku da kuɗin ajiyar kaya sati ɗaya ma ya fi ɗari uku. Kuma daga yau har ranar sa hannu kar ka ci bashin komai, ko kujeru ko firji, za su sake duba kiredit ɗinka. Ka dawo ka faɗa mana yadda NOV ɗin ta fito.